Kebul Daga Zaure Zuwa Ɗakin Inna

Shekarun baya, a daminar da mahaifinmu ya rasu, na koma ƙauyenmu can gefen Makoɗa na zauna da mahaifiyata. Gero ya yi tsayi har ya rufe hanyar rijiya, gida ya yi tsit sai kukan kurciya. Inna tana takaba, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Kullum tana bakin ɗaki da carbi, idonta a kan zaure kamar mai jiran sallama.

Ana cikin haka ƙanwata ta haihu a Fatakwal, namiji, aka ce sunan marigayi za a sa masa. Inna ta yi hamdala. Sai da na kai mata fura ta ce, "Da dai zan ga fuskarsa ranar suna." Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai.

To, mu garinmu sabis sai kan tudun bayan gari, can kowa ke zuwa yana ɗaga waya sama. Ina mai takaba ina hawan tudu?

Na kira abokina mai gyaran kwamfuta a Kano. Ya aiko mini da ɗan akwati mai cin layin waya, da tsohuwar rawuta mai ƙaho biyu, wato na'urar raba intanet, da naɗin kebul. Na ɗaure akwatin a kan doguwar gora saman zaure, na kifa masa roba saboda ruwa, sai ga sabis ya kama. Amma katangar ƙasar da kakanninmu suka gina ba ta barin komai ya ratsa. Dole na ja kebul ta tsakar gida har ɗakin Inna, na kafa rawutar a can, na jona ta da batirin sola.

Ni da na gama cika baki a gida cewa aikin ƙiftawar ido ne, na yini ina kallon fitilun rawutar suna yi mini fari, babu intanet. Na sake kiran abokina.

"Wane rami ka soka kebul ɗin?"

"Shuɗin mana, shi ya fi kyau."

Ya yi dariya har da tari. "Mai da shi na ruwan ɗorawa. Sannan ka shiga saitinta ka hana ta raba wa wayoyi lamba. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Na saman zaure shi ne mai gari, ita 'yar aike ce."

Na yi yadda ya ce, ta kuwa kawo. Amma da safiyar suna sai intanet ta ɗauke ɗif! Na fito a ruɗe, na tarar matar yayana ta shanya jiƙaƙƙun zannuwa a kan kebul ɗin, nauyi ya zare shi daga raminsa. Ta ce, "Au, ba sabuwar igiyar shanya ka ɗaura mana ba? Har na sa maka albarka." Na rasa dariya zan yi ko kuka, na dai kwashe zannuwan na mayar da kebul.

Na kira ƙanwata ta bidiyo, kiran ya shiga. Hoton ya yi dishi-dishi, sannan ya washe, ga jariri cikin farin tawul yana hamma. Inna ta gyara mayafi, ta matso da wayar kusa da fuskarta, ta daɗe tana kallo. A rayuwata ban taɓa jin ta kama sunan mahaifina ba, ranar ma ba ta kama ba. A hankali ta ce, "Malam, sannu da zuwa. Ka sha hanya."

Haka take ce wa Baba duk ranar da ya dawo daga cin kasuwa. Ni dai na fice, na tsaya a gindin rumbu hawaye na zuba.

Yanzu an kafa ƙarfen sabis kusa da mu, waya na kamawa har cikin ɗaki, amma na kasa cire kebul ɗin. Yana nan, rana ta cinye launinsa, har yau shanya ake yi a kansa. Duk sanda na je gida na gan shi, muryar Inna nake ji tana yi wa baƙonta sannu da zuwa.