Gambar da ke iyakar gonar Yaya Sale

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sale, manomin gyaɗa a wani ƙauye kusa da Ruwan Bago. Duk shekara idan makon ya zagayo nakan yi masa sadaka, in ja bakina, in koma ajina a Karaye inda nake koyarwa. Bana shirun ya gagare ni, saboda baƙon da na yi ranar Juma'a.

Da aka raba gadon mahaifinmu, gonar Yaya ta haɗa iyaka da ta Baffa Dauda, ƙanen mahaifin namu. A wajenmu gamba ake dasawa a kan iyaka. Shi kuwa Baffa, duk ruwan farko sai ya haƙe gambar ya tura ta kunya guda cikin gonar Yaya, yadda ido ba zai kama ba. Yaya yana gani. Idan na ce mu je wurin dagaci sai ya ce, "Haba Rakiya, ƙanen ubana zan kai ƙara?" Kullum da safe yakan durƙusa ya gaishe shi, ya dawo gida ya kasa cin abinci.

Daga nan ciwon ƙirji ya fara. Yana zaune ma sai ya ji kamar an ɗora masa buhu. Daga asibitin Rogo aka tura mu Kano, inda aka zura masa siririn bututu ta hannu, aka ɗura wani ruwa, likita yana kallon zuciyar a allo. Ya ce jijiyoyin ba su toshe ba, amma jinin da ke binsu tafiyar ganin dama yake yi, da ƙyar yake isa. Ya bayyana mana cewa idan hankalin mutum ya tashi, jiki yana sakin wasu sinadarai cikin jini, su sa zuciya gudu, su kuma matse ƙananan jijiyoyinta. Na ɗan lokaci ba komai ba ne, amma mai kwana da ɓacin rai ya tashi da shi ba ya samun sarari. Ya ce ba zai rantse wannan kaɗai ne sanadi ba. Sannan ya tambayi Yaya me ke damunsa. Yaya ya ce lafiya lau.

Abin da dangi suka riƙe kawai shi ne babu toshewa, aka yi ta hamdala. Baffa ya zauna a majalisa yana dariya, wai dama ya faɗa raki ne. Ni da na ji bayanin likita da kunnena na bi ayari na yi shiru, kuma har gobe ban yafe wa kaina ba. Da damina ta faɗi, Yaya ya je gona da safe ya tarar gamba ta sake matsowa. A nan ya yanke jiki ya faɗi, maƙwabta suka ɗauke shi, ko titi ba a kai da shi ba ya cika. Na san ajali ne, amma na san hannun da ya yi sanadi.

Da Yaya zai leƙo yau, zai ga gambar ta wuce ɗorawar da mahaifinmu ke hutawa a gindinta, Hajara, matar Yaya, da marayunta suna noman abin da ya rage. Na san abin da zai ce: a yi haƙuri. Haƙurin nan na gan shi a allon likita, na ga yadda yake tafiya.

Ranar Juma'a Baffa ya yi sallama a gidana. Zai tafi aikin hajji, yana bin dangi neman yafiya kamar yadda aka saba. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Rakiya, a yafe mini abin da na sani da wanda ban sani ba."

Na ce, "Baffa, wanda ba ku sani ba na yafe. Wanda kuka sani kunya goma sha ɗaya ce. Ku mayar da gamba inda Baba ya dasa ta, da hannunku, a gaban dagaci da Hajara."

Ya tashi bai sha ruwan ba. Tun ranar dangi suke kirana a waya, wai na tozarta babba. Su yi ta kira.

Yaya ya bar mana suna mai kyau, har yau ba a ambatonsa a ƙauyenmu sai an yi masa addu'a. Ya kuma bar mini darasin da bai yi niyya ba, cewa abin da baki ya ƙi faɗa zuciya ce take ɗauka. Allah Ya jiƙansa. Baffa kuma ina yi masa fatan sauka lafiya, domin ina so ya tsaya a filin Arfa ya ɗaga hannu, kunyoyin nan su faɗo masa a rai ɗaya bayan ɗaya. Idan ya dawo zai tarar da ni a gindin ɗorawa, da dagaci, da fartanya tana jiransa.