Fuskar da ke Jikin Kwalbar Zuma

Muna aji biyu a makarantarmu ta Shabu wani kamfanin zuma ya kwashe mu a bas zuwa kurmin da suke karewa a wajen Adogi. Su ke biyan masu gadi kar a sare itace, don ƙudan zuma su samu fure. Suka ce ɗalibi ɗaya za su zaɓa, a sa hotonsa a kwalba.

Ni fa na riga na ci a raina. Wa ya kai ni iya tsayuwar ɗaukar hoto? Abokin ɗakina kuwa, ɗan gidan makiyaya, ko selfi bai iya ba.

Na hango ɗorawa ta yi jan fure, na tsinko guda biyar, na maƙala a kunne, ina ta ɗaukar kaina.

Abokina ya ce, "Baaba, abincin zumar ka cire fa. A rugarmu ko yaro ba ya taɓa wannan."

Na ce, "Dalla malam, matsa, kana tare min haske."

Ashe madam mai kamfanin tana bayanmu. Ta yi ta tambayarsa sunayen itatuwa, yana zubo mata kamar karatu.

Yau duk shagon da na shiga a Lafiya, ga shi nan a kwalba yana washe haƙora. Wallahi har yanzu abin na cina! Zumar akwai daɗi, ina saya, amma fuskarsa bango nake juya wa.