Layin Rawaya da Ya Ɓace wa Likitan Tawada

Ƙarfe bakwai da rabi yake isowa, tun masu shaguna ba su gama ɗage ƙofofinsu ba. Ba shi da shago. Tebur ne ƙwaya ɗaya a ƙarƙashin matattakalar wani tsohon bene, tsakanin ɗakin tela da rumfar mai sayar da takardu. Yakan shimfiɗa tsohuwar jarida, ya jera sirinji huɗu, ɗaya na baƙar tawada, ɗaya na shuɗiya, ɗaya na ja, ɗaya na rawaya, sannan ya buɗe gwangwanin biskit ɗin da ya fi komai daraja a wurinsa. A ciki akwai guntayen soso, 'yan robobi, sifirin ƙanana kamar ƙafar tururuwa, duk abin da ya ciro daga matattu domin ya raya masu sauran numfashi. Mutanen layin suna kiransa Likitan Tawada. Aikinsa shi ne gyaran katirij, ɗan akwatin nan da ke riƙe da tawada a cikin firinta, wanda yawancinmu muke jefarwa da zarar ya fara ja mana layi a takarda.

Shekara ashirin da uku ke nan yana wannan zama. A ƙarshen watan nan zai daina, kuma har makon jiya babu mutum ɗaya da ya koyi abin da hannunsa ya sani. Wannan ya isa ya hana mu zama lafiya, amma ga shi muna zaune.

Da can gyaran agogo yake yi, shi ya sa har yau yake maƙala ɗan gilashin masu agogo a ido ɗaya. Masu ɗura tawada suna da yawa, kowa da sirinjinsa. Shi kuwa ɗura ita ce ƙarshen aiki. Sai ya ɓare murfi ya duba soson da ke ciki, in ya ƙandare ya yanka sabo daidai da gurbinsa. Ya jiƙa bakin katirij a ruwan ɗumi har ramukan da suka fi gashi sirantaka su buɗe. Ya goge 'yan ɗigon tagullar da ke magana da na'ura, ya sauya robar da ta saki. Sannan ya zo kan ƙa'idarsa, wadda bai taɓa karya wa kowa ba: sai ya sa katirij a ɗaya daga cikin tsofaffin firintoci ukun da ke ƙarƙashin tebur, ya buga takardar gwaji. In ya ga layi huɗu cif, baƙi da shuɗi da ja da rawaya, ya juya takardar ya rubuta kwanan wata, ya sa hannu, ya soke ta a wata doguwar waya da ke rataye a bango. In bai gani ba, ko kuka kake yi ba zai ba ka kayanka ba.

Tela ya sha ba da labarin ranar da wani akawu ya zo da katirij tara a leda, yana hanyar kai su bola. Ya liƙe kowanne da salatif tam, wai don kada tawada ta zuba. Likita ya ɗaga ɗaya ya dube shi, ya dubi akawun.

"Ɗana, in an toshe maka hanci, aikin awa nawa za ka yi?"

"Baba, ai wannan ba mutum ba ne."

"Ba mutum ba ne, amma yana shaƙar iska. Ka ga wannan ɗan ramin da ka rufe? In iska ba ta shiga ba, tawada ba ta fita. Kai ka shaƙe su, ka kuma zo kana yi musu ta'aziyya."

Bakwai suka tashi a ranar. Biyun da suka ƙone ya gaya masa gaskiya, bai taɓa su ba. Shugabar wata makarantar firamare ma tana da nata labarin, na safiyar da takardun jarrabawar yara suka tsaya a shafi na biyu, ya bar shayinsa ya bi ta a ƙafa da gwangwaninsa a hammata.

A nan ne kan mutum yake ɗaurewa. Muna da ofisoshin da ake jefa katirij a kwandon shara, a zauna wata uku ana jiran sabo, marasa lafiya na tsaye a layi ana rubuta musu kati da biro. Muna da masu digiri da ke cika taro da jawabin dogaro da kai, amma ba za su yarda ɗigon tawada ya taɓa musu farce ba. Waɗanda suka zo koyo wurinsa, kwana biyu suke yi su ɓace, don sabulu ya kasa wanke musu hannu. Me muke so ne? Na rantse ban gane ba. Mun iya yabon ƙasashen da ba sa zubar da komai, mutumin da ba ya zubar da komai kuma yana ƙarƙashin benenmu, ko gaisuwa sai mun ga dama.

Abin da ya sa zai tashi ya faro ne da katirij ɗin Mai Hoto, matar da ke da ɗakin ɗaukar hoton fasfo a tsallaken titi, wanda da shi take riƙe gidanta. Ta zo ranar Litinin ta ajiye masa shi tare da hoton wani bawan Allah da fuskarsa ta fito shuɗi-shuɗi.

"Baba, dubi yadda na mai da ɗan mutane. Ya ce shi dai bai san yana da wannan ciwon ba."

"Rawaya ce ta tsaya. Ki dawo da azahar."

Ya buɗe, ya tarar da soson ɓangaren rawaya ya bushe kamar ɓawon itace. Aikin da ya yi sau dubu ne. Ya sauya, ya ɗura, ya buga gwaji. Baƙi, shuɗi, ja, sai farar takarda. Ya jiƙa bakin, ya zuƙe da sirinji, ya sake bugawa. Layi uku. Ya goge tagulla, ya sauya firinta, ya sake yanka wani soson. Layi uku. Da azahar ya ce mata ta dawo gobe, washegari ya ce jibi.

Abin ya tsaya masa a rai. A cikin kwalba yana ganin tawadar, ja-ja mai duhu kamar yadda take kullum. A cikin sirinji yana ganinta. Ya dangwala bakin katirij a farin ƙyalle, ya taɓa ya ji danshi, amma babu launi. Ina take zuwa tsakanin allura da takarda? Ya zargi soso, ya zargi ruwan da yake jiƙawa, ya zargi zafin rana. Ya hau mota har wurin mai sayar masa da tawada, mutumin da suka shekara goma ba su taɓa sa-in-sa ba, ya ce masa ya ji tsoron Allah ya daina sirka kaya da ruwa. A gida matarsa ta ga yana juya cokali a kofin da babu komai, ta ce, "Kai dai da wannan akwatin, ko ni da na yi zazzaɓi ba ka damu haka ba."

Ranar Alhamis Mai Hoto ta zo ta tsaya a kansa, mutum huɗu na jiranta a shago. Ta ɗauki takardar gwajin da ke kan tebur ta duba.

"Baba, ai ya gyaru."

"Bai gyaru ba."

"Ga rawaya nan kamar gwaiduwar ƙwai."

"'Yata, na san kina sauri. Amma ba za ki sa ni ganin abin da babu ba."

Ta tattaro sauran takardun da ya dunƙule ya jefa a kwali, ta warware su ɗaya bayan ɗaya. "Wannan ma akwai. Wannan ma. Tun ta ranar Litinin akwai."

Ya karɓa, ya kai kusa da ido, ya nisantar, ya fita da ita rana. Fari fat. Ya dubi fuskarta ko wasa take yi, bai ga wasa ba. Ya ƙwala wa tela kira, wanda suka tsufa tare suna tsokanar juna.

"Kai mai ɓata wa mutane yadi, zo ka ƙirga mini layin nan."

Tela ya fito da tef a wuya. "Huɗu. Ko lissafin ma ya fara guduwa ne, Likita?"

"Kun haɗa baki."

Tela ya matsa kusa da bango. Ya miƙa hannu ga wayar da ke bango, ya zaro takarda daga can ƙasa, ta bara, ya juya masa bayanta. "Hannun wa ne wannan?"

"Nawa."

"Ka taɓa sa hannu a layi uku?"

"Har abada."

"To ƙirga."

Ya ƙirga. Uku. Ya ce ta koɗe ne, takarda ta daɗe. Tela ya ce, a hankali wannan karon, "Ta koɗe a idonka kaɗai?"

Likita ya zauna. Ya cire gilashin agogon ya riƙe a tafin hannu kamar bai san na mene ne ba. Abubuwa suka riƙa dawo masa: yadda ya fara neman fitila da rana tsaka, yadda matarsa ke nuna masa tabo a farar riga yana cewa sharri ne. Kwana huɗu yana yi wa lafiyayye tiyata, ya ci mutuncin mai tawada a banza, ashe abin da ya lalace yana cikin kansa. Daga baya a asibiti aka ce masa yanar ido ce ta fara rufe masa gani, kuma launi mai haske a kan farar takarda na cikin abin da ta fara ɗauke masa.

Amma ba asibiti ya fara zuwa ba. Yana zaune sai ya zabura, ya jawo kwalin da yake tara matattu ya zazzage a ƙasa. A watan da ya wuce ya yanke wa katirij biyu hukuncin mutuwa saboda rashin rawaya, ɗaya na wata mai buga katin gayyata, ɗaya na wani ɗan ƙaramin ɗakin shan magani. Ya nemo su, ya buga gwaji, ya miƙa wa Mai Hoto. Ta ce huɗu, huɗu. A ranar ya rufe tebur, ya taka har wurin mutanen nan biyu ya mayar musu da kayansu, ya ce kuskurensa ne. Ya biya ta wurin mai tawada ya ba shi haƙuri a gaban mutanen da ya kunyata shi a gabansu. Masu katirij ɗin ba su san da wannan kuskure ba, kuma da bai faɗa ba, ba za su taɓa sani ba.

Kai ne wannan, Baba. Kai ne mai hannun bakan gizo, wanda ya fi jin kunyar takarda a kan yadda wasunmu ke jin kunyar jama'a. A ƙasar da mutum zai rushe ma'aikata guda ya fito yana gyara hula, kai ka yi tattaki saboda akwati biyu da ba su kai tafin hannu ba. Ka koya mana cewa wanda ke duba kayan mutane dole ya yarda a duba shi, kuma ba da jawabi ka koya mana ba.

An sa masa ranar aiki a ido bayan ƙarshen wata. Likitan ido ya ce zai ga hanya, zai ga fuskar jikokinsa, amma bai yi alkawarin ramukan da suka fi gashi sirantaka ba. Shi kuma ya ce ba zai ƙara sa hannu a kan abin da bai gani ba. Ya fara tambayar tela ko ya san mai kura da zai kai masa teburin gida.

Ranar Litinin da ta wuce, ƙarfe bakwai da rabi, ya tarar da Mai Hoto zaune a kan bencinsa, ta ɗora tsohuwar rigar mijinta a kan kayanta.

"Ya sake lalacewa ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Ni ce na zo."

"Shagon fa?"

"Ƙanwata ta iya danna maɓalli. In ka tafi, wa zan kai wa? Sabo ba ya samuwa a kusa, in ya samu ma sai na zaɓa tsakaninsa da makarantar yara."

"Hannunki zai ɓaci. Wata biyu ba ya fita."

"Baba, na yi wa yara biyar wanki. Wane ɓaci ya rage?"

Ya daɗe yana kallonta, har yanzu bai gama gane yadda abin ya juye ba, wai mai kawo gyara ce za ta gaje shi. Sannan ya tura mata gwangwanin biskit. Ta fara da kama katirij ta wajen tagulla, ya buge mata yatsa. Ta cika tawada har ta tsiyayo, tela ya leƙo ya ce a kira 'yan kwana-kwana. Wajen la'asar ta yanka soso na uku, wanda ya zauna daidai. Shi ya lalluba da yatsa ya ce ya yi. Suka buga gwaji, ya miƙa mata takardar bai ko duba ba.

"Nawa?"

"Huɗu."

"Kin tabbata, ko so kike mu tashi?"

Ta sake dubawa, ta fita da ita rana yadda ta ga ya yi. "Huɗu ne."

Ya ciro biro daga aljihu, ya juya takardar, ya tsaya. Sai ya miƙa mata biron. Da ta soke takardar a waya, ya ɗaga murya ya ce wa tela ya manta da zancen mai kura, tebur yana nan.

Mun gode, Likitan Tawada. Mun gode da shekara ashirin da uku, da takardun jarrabawa da katunan asibiti da fuskokin da ka mayar wa launinsu. Allah ya buɗe idon, ya ba da lafiya mai ɗorewa. Mu kuma da muka iya tafi da yabo, kwana goma sha ɗaya suka rage yana zama a wurin, kuma abin da ke kansa ya fi ƙarfin ɗaliba ɗaya. Bencin nan yana ɗaukar mutum uku. Har safiyar yau, mutum ɗaya ce a kai.