Muciya a Bangon Falo

Shekara arba'in Baba masassaƙi yana sassaƙa muciya, yana yi wa masu saye huɗuba kyauta: kada a jiƙa ta, a riƙa shafa mata man girki. Matan unguwa su ce to, su bar ta ta kwana cikin wanke-wanke, bayan wata uku su dawo da ita a tsage suna zagin itacen.

Da ɗansa ya yi aure, sai ya kwashe mako yana goge muciya ɗaya, ya kai wa amarya. Ai mai ilimi ce, za ta san darajarta.

Ta kuwa sani. Ran da ya kai musu ziyara, ya tarar da muciyar rataye a bangon falo, ta sha fenti tana ƙyalli. A kicin kuwa cokalin ƙarfe ne ke aikinta.

"Baba, ka ga yadda na adana ta," in ji amarya.

Ya daɗe yana kallon bangon.

"Sannu da ƙoƙari, 'yata. Su matan unguwa sai sun yi wata uku suna girki da tasu kafin su kashe ta."