Riƙon Ɗan Bature

Shekara ta biyu da cikar ruwan Kainji, ina ƙaramin ma'aikaci a ofishin kula da kamun kifi na Yelwa. Aikina shi ne bin masunta bakin tafki da sikeli da littafi. Wata Litinin shugaban ofishinmu ya kira ni ya ce an shirya musayar ɗalibai tsakaninmu da wata ƙasar masunta a can arewacin Turai. Za su turo nasu ɗaya ya yi wata shida yana koyon yadda muke kamun kifi, sannan ya koma da namu ɗaya ya yi shekara yana koyon gyaran injin jirgi, kuma a gidan iyayen ɗalibin nasu zai zauna. Ya ce ni aka zaɓa. Ban san lokacin da na taka keke na isa gida ba. Mu da 'yancin kai ya riske mu a firamare, an cika mana kunne cewa mu ne za mu riƙe ƙasa, ga shi kuwa abin ya zo har ƙofa.

Sai da na jingina keken na tuna da Inna.

Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta kallona ido da ido, ba ta yi mini magana kai tsaye. Idan tuwo ya nuna sai ta ce wa iska a zo a ɗauka. Idan na yi laifi kuwa kajin gidan take yi wa faɗa, ni kuma in kwashi rabona daga gefe. Mahaifina ya rasu kafin a tashe mu daga tsohon ƙauyenmu na bakin Kwara, wanda yanzu ruwa ya haɗiye, ƙannena mata duk sun yi aure, saura ni da ita a sabon gidan siminti da gwamnati ta gina mana. Takardar tafiya ba ta nemi sa hannunta ba, amma na san ba zan hau mota ba in ba ta ce in je ba.

Na same ta tana juya kifi a kan banda, na durƙusa daga nesa na zayyana mata komai. Ta ci gaba da juya kifinta. Can ta ce, tana kallon wutar, "Wanga ai riƙo na. Mutanen ga kuwa ba a san su ba. Su kawo nasu ɗan a gani tukun."

Ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Amma na gane lissafinta. A wurinmu idan ka ba 'yar'uwarka riƙon ɗa, yadda ka riƙe nata haka za ta riƙe naka. Don haka washegari na roƙi shugabanmu kada a sauke baƙon a gidan saukar baƙi na gwamnati, a ba mu shi. Ya yi mini kallon wanda zafin rana ya taɓa, amma ya yarda.

Baƙon ya iso a bayan motar albasa da ta dawo daga kudu. Dogo ne siriri, shekarunmu ɗaya, fuskarsa ta yi ja wur, wuyansa kamar na zalɓe. Da ya ji a gidan mutane zai zauna sai ya hau murna. Inna ta dube shi sama da ƙasa, ta yi salati, ta tambaya ko yunwa ake yi a ƙasarsu. Kafin ya huta ta sa aka kai shi bakin ruwa aka ɗora shi kan babban sikelin da muke auna giwan ruwa, ta ce a rubuta nauyinsa, don kada gobe uwarsa ta ce an rage mata ɗa. Masunta suka yi ta dariya, shi ma yana yi, bai san dalili ba.

Daga ranar bakinsa bai huta ba. Da safe kunu da ƙosai, da rana fura, da yamma tuwon shinkafa da miyar kifi, tsakani kuma bandar tarwaɗa a cusa masa a aljihu. Yaji ya sa shi hawaye sati biyu, a na uku da kansa yake miƙa hannu. Inna ta laƙaba masa suna, tana kiransa daga ƙofar gida har maƙwabta su ji, tana yi masa faɗa in ya fita ba hula. Shi kuma yana ce mata Inna da wani irin harshe da ke sa ta rufe baki da mayafi.

Watannin nan na cikin mafi daɗin rayuwata. Mukan fita da sassafe a kwale-kwalen wani tsohon masunci, mu gangara har wajen garin Wara. Tafkin sabo ne a lokacin, kifi ya yi yawa har ya ba mutane tsoro, amma itatuwan da ruwa ya nutsar suna yayyaga taru. Tsohon yakan nuna wuri da filafili ya ce nan kasuwa take a ƙasa, nan tsamiyar gidan wane, a kauce. Baturen yana zana duk wannan a takarda, har ya haɗa taswirar da ofishinmu ya daɗe yana amfani da ita. Shi ya koya mini gane shekarun kifi daga ɓawonsa. Ni na koya masa jefa birgi, wato tarun jifa, kuma jifarsa ta farko shi da birgin suka tafi ruwa tare. Da muka jawo shi, abin da ya fara roƙo shi ne kada a gaya wa Inna.

A wata na huɗu abu ya nemi lalacewa. Na lura ya fara ture mini tsokar da Inna ke zaɓa masa, ya ɗauki wutsiya. Daga nan ya fara rage tuwo. Inna ta ga kwano yana dawowa da saura, hankalinta ya tashi. Ta dafa masa sabara don magani, ta canja miya, ta daina raha. Na ji tana gaya wa kaji cewa wanda ya kasa riƙon ɗan wani wata shida ba shi da bakin miƙa nasa. Ana haka sai shugabanmu ya kira ni ya ce baƙona ya nemi a mayar da shi gidan gwamnati.

Na same shi a bakin ruwa yana wanke kwalaben aikinsa, na sauke masa duk abin da ke cikina. Ina da zuciya a lokacin, har yanzu ma ba ta gama kwanciya ba. Ya bari na gama, sannan ya ce shi fa ba zai iya ci gaba da zama yana ƙwace mini uwa ba. Ya ce wata huɗu yana lura, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallona ba, shi take ba nama, ni ƙashi. Ya tabbata zuwansa ne ya raba mu.

Dariya ta kama ni har na zauna a kan yashi. Na yi masa bayanin kunyar ɗan fari, na ce haka kakata ta yi wa kawuna, haka ake yi, kuma yunwar da yake yi wa kansa ita ce za ta hana ni tafiya. Ya saurara da kyau. Sai ya ce, "To, in haka ne, ta yaya kake sanin tana sonka?"

Na ce masa an sani kawai. Amma gaskiya tambayar ta zauna mini a ƙirji, don ban taɓa yi wa kaina ita ba.

A ranar ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari, gida ya dawo daidai. Da aka sake ɗora shi kan sikeli a wata na biyar, allurar ta wuce inda take, Inna ta raba wa maƙwabta waina. Sai dai maganar tafiyata shiru. Ofis yana jiran amsa, an ce in ban kawo ta kafin ranar kasuwa ba, za a ba wani gurbin. Sau biyu ina durƙusawa daga nesa, sau biyu tana tashi ta shiga ɗaki.

Ana jibi kasuwa, da hantsi, ta shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki ta kira Baturen. Ta ce ya kawo takarda da alƙalami, za ta aika wa uwarsa wasiƙa. Sannan ta ce wa iska a nemo wani mai jin Turanci. Duk unguwar ba wani sai ni. Na zauna a bayanta a matsayin tafinta, tana faɗa, ina juyawa zuwa Turanci, yana rubutawa.

Ta fara da gaisuwa mai tsawo, har da tambayar ruwan sama da lafiyar dabbobi. Ta ce ɗansu yaron kirki ne, yana gaida manya, sai dai ba ya jin magana a kan hula. Muka yi dariya. Sai ta gyara zama.

"Wanda za a kawo miki," in ji ta, "ba shi roƙon ƙari ko yunwa na kashe shi. Ki duba kwanonai. In yas suɗe shi tas, bai ƙoshi ba."

Na juya masa maganar. Sai a lokacin na fahimci cewa an ba ni izini.

"Kunnenai na hagu na yi mai ciwo lokacin ɗari, tun ƙyandar da yay yi shina shekara huɗu. A toshe mai shi da auduga. In kin gane shi shina sosa ƙeya, yac ce lahiya lau, ƙarya ta, ki matsa mai. Shina da hushi, amma ba shi kwana da shi. Shina tsoron kare, kuma ba shi so a sani."

A nan na tsaya. Maganar kare ko abokaina ba su sani ba. Shekara ashirin da biyu ina zaton matar nan bango take kallo, ashe ba abin da ya wuce ta. Hawaye ya cika mini ido, ga dariya tana neman ƙwacewa, na rasa wanda zan bari ya fito. Baturen ya ɗaga kai ya dube ni, ya mayar da kansa kan takarda da sauri.

"Tahinta ya gaji na?" Inna ta tambayi kaji.

Na share fuska na ci gaba. Ta ce kada a ba ni naman alade, a tashe ni sallar asuba, in na yi laifi a tsawata mini amma ba gaban mutane ba. Ta ce aro ne, shekara guda, ba kyauta ba.

Da ta gama, Baturen ya ce akwai sauran abu ɗaya. Ya bar fili a tsakiyar wasiƙar, don uwarsa za ta so ta san sunan wanda ake ba ta riƙo. Na san da gangan ya yi, na harare shi, amma dole na juya mata tambayar. Inna ta kakkaɓe zaninta, ta miƙe, ta dubi Baturen.

"Ba tahinta alƙalamin shi rubuta," in ji ta. "Ya san shi."

Na karɓa na rubuta sunana a filin.