Baba Saje da Damben Cikin Taya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina shirin fita aiki. Baba Saje Ilu ya rasu a gidansa da ke Kazaure, jim kaɗan bayan sallar asuba.

Waɗanda suka san ni sun san ba na yawan rubuta abin da ya shafe ni a wannan shafi. Yau dai na kasa yin shiru.

Ga wanda bai san shi ba, Baba tsohon soja ne, ɗan asalin Roni. A bariki ya yi damben zamani, irin na safar hannu da igiya da rafali. Da ya yi ritaya sai ya share wani fili a bayan gidansa ya fara koya wa matasa. Ina sakandare na faɗa hannunsa.

Kayan aikinsa ba su da yawa: buhun yashi a rataye a reshen darbejiya, safar hannu da ta sha ɗinki, sai wata tsohuwar tayar babbar mota a kwance a ƙasa.

Tayar nan ita ce makarantar. Mutum biyu za su sa ƙafar gaba a cikinta, goshi na gogar goshi, kuma babu mai cirewa sai Baba ya busa usur. Ba wurin ja da baya, ba wurin miƙe hannu. A nan ake koyon abin da yake kira damben kusa: yadda za ka ɗora kafaɗa a ƙirjin mutum ka ji lokacin da zai ja numfashi, yadda gwiwar hannu ke tsare haƙarƙari, da yadda naushin da tafiyarsa ba ta wuce taƙi ɗaya ba yake zaunar da ƙato.

Ni dogo ne, saboda haka na tsani tayar. Dogo yake kirana har bayan da furfura ta fito mini. Yakan ce Allah ya ba ni hannun da zan tsaya a Kazaure in naushi mutumin Babura, shi ya sa nake ganin matsawa kusa da mutum wahala ce.

Ban zama ɗan dambe ba, kuma bai taɓa nuna mini hakan ya dame shi ba.

Duk wanda ya sha naushin haƙarƙari, Baba da kansa zai dafa ruwa ya gasa masa wurin da tsumma. Dokarsa kuwa ita ce wanda ya naushe ka shi zai kwance maka safa, kai ma ka kwance masa, sannan ku sha ruwa a moɗa ɗaya. Ban taɓa jin rigimar da ta taso a filin nan ta shiga gari ba.

Ranar da zan tafi jami'a, shi ya ɗaure akwatina a bayan kekensa ya tura har tasha, ina biye da shi cikin kunya. Na zaci zai yi mini nasiha. Cewa ya yi kawai in riƙa cin abinci.

Daga baya damben ya sauya a kan idonsa. Yanzu da zarar kai ya haɗu da kai, rafali ya shiga tsakani. Masu ba da maki sun fi ganin naushin da aka miƙa daga nesa, wanda kowa ke gani, a kan wanda aka cusa a ƙarƙashin gwiwar hannu. Matasa kuma suna kallon gajerun bidiyo a waya, kowa yana so ya saki hannu ya yi rawa a bakin igiya. Ɗaya bayan ɗaya suka daina zuwa.

Bai zagi zamani ba. Abin da na ji ya faɗa, sau ɗaya tak, shi ne rafalin da bai taɓa tsayawa ƙirji da ƙirji da mutum ba, ba zai iya bambanta mai aiki da mai hutawa ba, duk runguma yake gani.

Mutum ɗaya ya rage masa: Habu, mai walda daga Gwiwa, gajere mai faɗin kafaɗa, magidanci da 'ya'ya, wanda yake hawo babur ya zo bayan ya tashi daga aiki. A wasanninsa na baya an yi ta kayar da shi da maki, domin duk lokacin da ya samu ya shiga jiki sai a raba. Yanzu akwai wasan zaɓen waɗanda za su wakilci jiha, kuma a shekarunsa wannan ce damarsa ta ƙarshe. Wani koci a Kano ya ce zai karɓe shi, da sharaɗin ya bar salon Baba ya koyi na nesa. Habu ya ƙi.

Ganina na ƙarshe da Baba bayan ƙaramar Sallah ne. Na same shi da la'asar a kan kujera, ƙafafunsa sun kumbura. Habu yana cikin taya shi kaɗai yana naushin iska, saboda babu wanda zai sa ƙafa tare da shi.

Ko gaisuwa ban gama ba Baba ya ce in cire babbar riga in shiga. Na ce masa gwiwata ba ta da lafiya. Ya ce ai ba da gwiwa ake tsayawa ba a gidansa, kuma tun ina yaro nake da wannan ciwon duk ranar taya.

Na shiga. Habu ya riƙa taɓa mini haƙarƙari a hankali kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai, ni kuwa ban ga ta inda hannun yake fitowa ba. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Da tarin ya lafa sai ya kira Habu ya zaunar da shi a gabansa, a gabana.

“Habu, ka tafi Kano. Ka koyi abin da suke so.”

“Baba, ni naka na iya.”

“Nawa na ba ka, yana jikinka, ba mai ƙwacewa. Amma ni na yi zamanina, kai kuwa ba a ɗaga hannunka ba tukuna. Kada ka faɗi saboda ni.”

Habu ya sunkuyar da kai. Na san abin da furta wannan maganar ya ci wa Baba, domin da ya gama bai ƙara kallon wajen filin ba har na yi masa sallama.

Habun ne ya kira ni yau. Bayan mun yi wa juna ta'aziyya ya gaya mini ya je Kano kamar yadda aka umarce shi, kuma wasan ranar Asabar mai zuwa ne. Ya yi tunanin janyewa, amma ya ga janyewar ita ce saɓa wa Baba.

Na tambaye shi da wane salo zai yi. Ya ce daga nesa zai tsaya, yadda Baba ya ce. Sai kuma ya ƙara da cewa:

“Amma Yaya, in rafali ya makara, ko da ƙiftawar ido ce, zan shiga.”

Ban hana shi ba.

Za a yi jana'iza bayan azahar, yanzu zan kama hanya.

Ya Allah ka gafarta wa bawanka Ilu, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa tausayin da ya nuna wa 'ya'yan mutane ya zama haske gare shi, ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ina roƙon ya tsaya ya yi masa addu'a. In Asabar ta zo kuma, ku sa Habu a ciki.