Ba a Wanke Allo Sai an Iya

Ni tun ina yaro ba mai saurin ɗauka ba ne. A makarantar allo ta unguwarmu, can Gwale, wannan bai taɓa zama abin kunya ba. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. In ka iya, ka je ka biya wa Malam, ya ce ka wanke, a yi maka ƙari. In ba ka iya ba, rubutun yana nan yana jiranka, ko da wata guda za ka yi kana fama. Sa'annina suka yi ta wuce ni ina tafiyar hawainiya, amma abin da na riƙe a lokacin har yau bai zube ba.

Sai mai unguwa ya sa ni cikin yaran da za a kai elementare. Baba baduku ne, a zauren gidanmu yake aiki. Bai yi gardama ba, bai kuma kushe boko ba kamar wasu maƙwabta. Damuwarsa daban ce, ni na jawo ta da bakina. Wata rana na dawo ina kuka, na ce malam ya goge lissafi tun ban gane ba.

"Ya goge? Ka biya masa ne?"

"A'a, Baba. Ƙararrawa aka buga."

Ya ajiye basilla ya dube ni. Washegari ya zura babbar riga ya raka ni makaranta, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Malaminmu saurayi ne mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe shi.

"Malam," in ji Baba, "allo ɗaya ga yara duka? In wannan ya iya, wancan bai iya ba, don wa ake gogewa?"

"Baba, an yanka mana inda za mu kai kafin jarrabawa. In na tsaya wa ɗaya, na cuci saura."

"To wanda aka bari fa?"

"Sai ya maimaita aji. In ya sake faɗuwa, a sallame shi."

Baba ya yi godiya ya tafi. Da na koma gida abin da ya ce mini kawai shi ne, fatar akuya da ta saniya ba rana ɗaya suke jemuwa ba. Sai da na girma na fahimci tsoronsa. Ba sallamar yake gudu ba. Gudu yake a ce mini daƙiƙi, ni kuma in yarda.

Ya daka gawayi, ya kwaɓa da ƙaro kamar mai haɗa tawada, ya shafe gefen bangon zaure. Kullum na dawo, sai in rubuta da alli abin da ya gagare ni. Dokar ɗaya ce: ba mai gogewa sai na biya masa. Baba bai san ko baƙi ɗaya na boko ba. Kunne yake sawa, yana ɗinkinsa. In muryata ta yi tuntuɓe, ko kai ba ya ɗagawa. In ta tafi sumul, sai ya ce, "Wanke." Ina kewar wannan kalma fiye da yadda zan iya faɗa.

Da haka na lallaɓa, ba na gaba ba na baya, har aka ɗauke ni Midil, makarantar kwana. Ranar da zan tafi akwai wani lissafin rabawa da ya ƙi ni a bangon. Na ce in na zo hutu zan biya.

Ban kai hutu ba aka aiko Baba ya rasu. Da na zo gida, na tarar an yi wa zauren sabon yaɓe ko'ina, ban da wurin nan baƙi. Lissafina yana nan, allin ya ɗan dushe. Inna ta ga ina kallo.

"Magina sun zo," ta ce, "Babanka ya hana su taɓa nan. Ya ce ba ka biya masa ba tukuna."

A lokacin na riga na iya shi sarai. Na tsaya gaban bangon na biya tun daga farko har ƙarshe, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sannan na yi shiru ina jira a ce in wanke.